Daga lodin asuba zuwa sitiyari: yadda za ka tsare shekarun fanshonka a UPS

Ƙarfe huɗu na asuba, sa'ad da Bronx ke tsakiyar barci, akwai 'yan'uwanmu da tuni suka tsaya bakin bel suna jera kwalaye a motocin nan masu ruwan ƙasa na UPS, kamfanin kai kaya na Amurka. Haka abin yake a Greensboro da Columbus da Chicago. Galibinsu inshorar lafiya ce ta kawo su, wadda mai aikin rabin lokaci ke samu shi da iyalinsa bayan wata tara. In gari ya waye wani ya kama tasi, wani Uber, wani ya wuce shago. Shekara ɗaya ta zama huɗu, huɗu ta zama bakwai, sai wata rana a liƙa takardar neman direbobi a bango. A nan ne tambayar ke tasowa: shekarun da na yi ina lodi, in na hau mota za a ƙirga mini su a fansho, ko sun bi ruwa?

Ana ƙirga su. Sai dai a yawancin jihohi suna zama ne a nasu asusun, da nasu farashin, ba sa rikiɗewa su koma shekarun direba. Wanda ya gane wannan da wuri zai san awa nawa zai tsare kowace shekara, ya kuma san abin da jira ke ci masa.

Yawancin alƙaluman albashi da na fanshon kamfani da ke tafe daga yarjejeniyar ƙasa ne tsakanin UPS da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, wadda ta soma aiki ran 1 ga Agusta, 2023, za ta ƙare ran 31 ga Yuli, 2028, kuma ta shafi ma'aikata wajen 340,000. Maganar fansho tana sashe na 34. Ban da ita, kowane yanki yana da ƙarin yarjejeniyarsa, kuma sau da yawa a cikin ƙarin nan ne ake samun abin da ya bambanta New York da Texas. Ka nemi littattafan biyu wurin wakilin ƙungiya na wurin aikinku. Kyauta ne.

Mataki na farko: gano asusun da kake ciki

Mutum biyu suna aiki iri ɗaya, kamfani ɗaya, amma fanshonsu daban, don kawai ɗaya yana Seattle ɗaya yana Atlanta. Saboda haka kafin ka saurari labarin kowa, tambaye shi a wace jiha yake aiki.

A tsakiyar Amurka da kudancinta da sassa da dama na gabas, mai aikin rabin lokaci yana cikin asusun da kamfani ke gudanarwa mai suna UPS Pension Plan. Ran da ya zama cikakken ma'aikaci sai ya koma wani asusun. A yankunan tsakiya da kudu wannan asusu na biyu shi ne na haɗin gwiwar UPS da Teamsters, wanda aka kafa a farkon 2008 bayan kamfanin ya biya dala biliyan 6.1 ya fice daga asusun fansho na Teamsters mai suna Central States a ƙarshen 2007. Wasu rassan ƙungiya, kamar reshe na 804 a New York da na 705 a Chicago, suna da nasu tsarin na direbobi.

A yammacin ƙasar kuwa, su California da Washington da Oregon, asusun Western Conference of Teamsters ne ya haɗa kowa, mai lodi da direba. Kamfani yana zuba kuɗi a kan kowace awa da aka biya ka, fanshonka kuma yana tashi gwargwadon abin da aka zuba. A can in ka koma tuƙi ba ka sauya asusu ba, awanninka ne kawai suka ƙaru. Har ma shekarar da ka cika awa 500 ana ƙirga ta shekara guda a tsarinsu na ritaya da wuri, inda ake haɗa shekarun haihuwa da na aiki su kai 80. Mai lodin yamma ya fi takwaransa na kudu morewa ta wannan fuska.

Da ka san sunan asusunka, rubuta musu wasiƙa ka nemi abu biyu: littafin taƙaitaccen bayanin asusu, wanda ake kira SPD, da kuma takardar da ke nuna awanninka da shekarun da aka ƙirga maka shekara bayan shekara. Dokar fansho ta tarayya ta 1974, ERISA, ta wajabta wa mai kula da asusu ya aiko maka da littafin cikin kwana 30 in ka nema a rubuce. Ka lura da kalmar nan, a rubuce. Maganar waya iska ce, ba ta da shaida ran da za a yi gardama.

Mataki na biyu: ƙirga awanni, don su ne kuɗin

A nan zan daɗe, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asara ba tare da sun ji a jikinsu ba.

A asusun masu aikin rabin lokaci, shekarar fansho ba daga ranar da aka ɗauke ka take somawa ba. Daga Janairu ne zuwa Disamba, kuma da awa ake auna ta. In aka biya ka awa 750 ko fiye a cikin shekara, ka samu shekara guda cif. Daga 501 zuwa 749, wata tara. Daga 375 zuwa 500, wata shida. Ƙasa da 375, babu komai. Matakala ce mai hawa uku, babu tsaka-tsaki: mai awa 749 da mai awa 501 duk wata tara za a rubuta musu.

Yanzu yi lissafi. Yarjejeniya ta ba mai aikin rabin lokaci tabbacin awa uku da rabi duk ranar da ya zo aiki. Kwana biyar ke nan awa 17 da rabi a mako. Kafin ka tara 750 da wannan sai ka yi kusan mako 43. Shekara mako 52 ce, ashe rarar da kake da ita ba ta wuce mako tara ba. Wanda ya tafi gida wata biyu ba tare da biya ba, ya dawo ya yi 'yar rashin lafiya, ya ƙara da ranakun da aka ce kaya sun yi kaɗan wa ke son tafiya da wuri ya ɗaga hannu, to ya faɗo hawa na biyu bai sani ba.

Wannan ɗaga hannu shi ne ɓeran da ke cin rumbu. Da asuba an gaji, mai kula da layi ya ce wanda ke so ya tafi, kai kuma kana hangen fasinjan safe a Uber. Ka tafi bayan awa biyu da son ranka, ka yafe tabbacin awa uku da rabi na ranar. Sau ɗaya ba komai ba ne. Sau sittin a shekara awa 90 ne.

Me awa ɗin nan ke jawowa? Tun daga Agustan 2023, kowace cikakkiyar shekara a wannan asusu tana ƙara dala 65 a kan abin da za a riƙa biyan ka duk wata in ka kai shekarun ritaya, har iyakar shekara 35 na aiki. Shekarun baya suna da nasu farashi, dala 60 daga 2008, dala 55 kafin nan. In ka samu wata tara maimakon shekara, ka rasa kashi ɗaya cikin huɗu na 65, wato dala 16 da 'yan kai a wata. Ka raina ta? Wanda Allah ya ba shekara ashirin bayan ritaya ya rasa dala 3,900 ke nan, saboda awa goma ko ashirin da bai cika ba a wata shekara da ya manta da ita.

Abin yi mai sauƙi ne. Sami ƙaramin littafi, ko ka buɗe shafi a waya, duk Juma'a ka rubuta awannin da ke takardar albashinka, har da na hutun da aka biya ka, don sashen ya ce awannin da aka biya ne ake ƙirgawa wajen cika 750. A ƙarshen Satumba ka tara. In kana ƙasa da 560, ka sani kana baya, sai ka nemi ƙarin aiki. Sa'arka ɗaya, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Kirsimeti kaya ke yin ambaliya, ana neman masu taya direba rabon kaya da masu ninka aiki. Ka tambayi wakilin ƙungiya ko awannin taya direba suna shiga lissafin fansho a yankinku kafin ka dogara da su. In kuwa tafiya gida ko aikin Hajji ne a gabanka, tsara ta yadda za ta haɗu da hutunka na biya, ka kuma yi lissafin tun Janairu.

Takardun albashi na ƙarshen kowace shekara, kada ka yar. Ɗauki hotonsu ka ajiye wuri biyu. Asusu da bayanan albashin kamfani yake aiki, in kuwa aka yi kuskure shekara goma sha biyar baya, takardarka ce kaɗai za ta yi maka magana.

Ga matasa: ana shiga wannan asusu ne bayan an cika shekara 21. Yaron da ya fara lodi yana da 18 ya duba littafin SPD ya ga yadda ake ɗaukar shekarunsa na farko.

Mataki na uku: kai shekara biyar, haƙƙinka ya kafu

Tara shekaru abu ɗaya ne, mallakarsu wani abu ne dabam. Sai ka cika shekara biyar da asusu ya yarda da su sannan abin da ka tara ya zama naka har abada, ko ka bar kamfanin, ko an sallame ka, ko ka koma Agadas da zama. Wanda ya bari a shekara huɗu da rabi ya tafi hannu rabbana. Adadin awannin da ke sa shekara ta shiga wannan lissafi yana cikin littafin asusunka. Doka ta hana a nemi fiye da awa 1,000, asusun yamma kuma 500 yake nema.

Akwai tsoron da ke hana wasu sa hannu a takardar tuƙi: wai in na koma direba ina da shekara uku a lodi, ban kai biyar ba, za su ɓace. Dokar ERISA ta rufe wannan ƙofa. Wajen kafuwar haƙƙi, shekarun da ka yi wa kamfani ɗaya a jere ake dubawa, ko da ka koma aikin da wani asusu ke kula da shi. Shekara uku na lodi da biyu na tuƙi sun kai ka biyar. Kuɗin dai na shekara ukun nan ne kawai asusun farko zai biya, amma ba su ɓata ba.

Abin da ke ɓatar da su shi ne dogon yankewa. In haƙƙinka bai kafu ba ka ajiye aiki, ka yi shekara biyar a jere ba ka dawo ba, doka ta yarda asusu ya share abin da ka tara. Wanda ke tunanin komawa gida ya gwada kasuwanci alhali yana shekara ta huɗu, shawarata ya daure ya cika ta biyar tukuna. Kasuwar Kantin Kwari ba za ta gudu ba.

Mataki na huɗu: san abin da jira ke ci maka

Wasu sun saba da lodi. Awa huɗu an gama, rana taka ce, inshora tana nan. Ba laifi ba ne, kuma akwai wanda tasinsa ko shagonsa ke kawo masa abin da zai riƙe gida. Amma ya kamata a yi zaɓin ido buɗe.

A wani tsari dabam da lissafin dala 65 ɗin nan, wanda ya yi shekara 35 yana aikin rabin lokaci zai iya ritaya a kowane shekarun haihuwa da dala 2,450 a wata. Mai shekara 30, dala 2,100. Cikakken ma'aikacin da ya yi shekara 35 a asusun haɗin gwiwa na tsakiya da kudu, nasa ya haura dala 4,000 nesa ba kusa ba. Abin da shekarar direba ke ƙarawa a fansho ya kusa ninki uku na shekarar mai lodi. Ka ga duk shekarar da ka bar takardar ta wuce ka, ka sayar da shekara mai tsada ka sayi mai araha.

Albashi ma haka. Sabon mai aikin rabin lokaci da dala 21 a awa ya fara a 2023. Sabon direba yana farawa da dala 23, bayan shekara ɗaya dala 24, bayan biyu dala 25, bayan uku dala 30.75, sai a ƙarshen shekara ta huɗu ya yi tsalle zuwa ƙololuwa, wadda za ta kai wajen dala 49 a awa kafin yarjejeniyar ta ƙare. In albashinka na lodi ya riga ya wuce 23, ba a rage maka, ana barin ka a kansa har matakalar ta cim maka. Shekaru ukun farko su ne masu ɗaci: ka bar tasi, ka shiga aikin awa tara zuwa goma, kuɗin bai kai yadda ake labari ba. Ka tanadi abin da zai riƙe ka kafin ka hau.

Gurbin kansa ba alfarma ba ce. A Agustan 1997 ma'aikata 185,000 suka yi yajin aikin kwana 15 ƙarƙashin Ron Carey, shugaban Teamsters na lokacin, babbar maganar kuwa ita ce yawan aikin rabin lokaci, suka fito da alƙawarin cikakkun gurabe 10,000. Yau sashe na 22 ya ce a cikin kowane gurabe bakwai na cikakken aiki, shida na 'yan ciki ne masu aikin rabin lokaci, ɗaya kawai za a ɗauko daga waje. Yarjejeniyar 2023 ta ƙara alƙawarin sababbin gurabe 7,500, ta kuma soke rukunin direbobi masu ƙaramin albashi da ake kira 22.4. Akwai ma cikakken aikin da ba na tuƙi ba, inda ake haɗa aikin rabin lokaci biyu su zama ɗaya, wanda aka fi sani da 22.3. Wanda ya tsufa da hawa da saukar mota sau ɗari da wani abu a rana, ko 'yar'uwar da ba ta son titi, wannan ma hanya ce ta shiga asusun cikakkun ma'aikata.

Sai dai a faɗi gaskiya, layin ya yi tsawo a wurare da yawa. A Janairun 2025 kamfanin ya ce zai rage fiye da rabin kayan Amazon da yake ɗauka, a Afrilu kuma ya sanar da rage ma'aikata 20,000 da rufe gine-gine 73. In jira ya ishe ka har kana hangen motar Amazon ko ta FedEx Ground, ka sani yawancin direbobinsu 'yan kwangila suke yi wa aiki, ba kuma a saba samun fansho irin wannan a can ba. A gidan waya na USPS kuwa, shekarun da mutum ya yi a matsayin mataimakin mai raba wasiƙu kafin a tabbatar da shi ba sa shiga fanshon gwamnatin tarayya.

Mataki na biyar: sa hannu, ka gyara lasisi da jiki

Ana ba da gurbi ne bisa daɗewa a aiki, cikin waɗanda suka sa hannu. Wanda bai sa ba, ko ya shekara ashirin, za a tsallake shi a ba yaron da ya zo jiya. Ka san inda ake liƙa takardar a gininku, ko ta intanet ake nema, ka sa hannu a kowace, ka ɗauki hoton sunanka a kanta.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Shekara 21, lasisin tuƙi mai aiki, tarihin tuƙi mai tsabta, gwajin likita na ma'aikatar sufuri, sai gwajin tuƙi a motar kamfani. Motar rabon kwalaye ba ta bukatar lasisin manyan motoci na CDL. Masu jan tirela tsakanin defo da defo su ne ke bukatarsa.

Tarihin tuƙi shi ne tarkon mutanenmu, don mai yini a titi da tasi shi ya fi kowa haɗuwa da ɗan sanda. Tikitin gudu ɗaya a watannin baya yana iya sa a tsallake ka har wani zagaye. Je ofishin lasisi na jiharku ka sayi kwafin tarihinka, ka tambayi wakilin ƙungiya shekara nawa baya ake dubawa a yankinku. In ka ga layi ya kusa zuwa kanka, rage tuƙin dare.

Wajen likita, hawan jini ne ke kayar da mutane. In awonka yana ƙasa da 140 bisa 90, ana ba da katin shekara biyu. In ya ɗan haura, shekara ɗaya. In ya yi sama sosai, sai ka sauko da shi tukuna. Ido kuma ana son kowanne ya gani 20/40, ko da tabarau. Mai ciwon suga da ke allurar insulin yana iya samun kati tun 2018, in likitansa ya cike takardar da aka tanada. Tunda inshora kake da ita, je ka auna kanka wata uku kafin lokaci.

Maganar gemu ta wuce: tun Nuwamban 2020 kamfanin ya sassauta dokar aski ga direbobi. Sallar Juma'a kuwa sai an nema. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya duba bukatar addini, hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 a shari'ar Groff da DeJoy kuma ya ƙara tsaurara sharaɗin ƙin amincewa. Rubuta bukatarka, ka ba wakilin ƙungiya kwafi, ka zo da mafita a hannu, misali haɗa hutun cin abincin rana da lokacin huɗuba a masallacin da ke kan hanyarka.

Mataki na shida: makaranta da kwana talatin

Yawancin sababbin direbobi ana tura su makarantar kamfani mai suna Integrad, wadda aka fara buɗewa a Landover ta jihar Maryland a 2007. Kusan mako guda ne. Akwai ƙaramin garin kwaikwayo da tituna da gidaje inda za ka raba kaya ana auna maka lokaci, akwai wurin koyon tafiya a kan santsi da kwali a hannu. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne hadda: ɗabi'u biyar na kallon hanya da bayanai goma na tuƙi, kalma da kalma cikin Turanci. Ma'anar biyar ɗin: hangi nesa, ga duk abin da ke kewaye da kai, kada idonka ya tsaya wuri ɗaya, bar wa kanka mafita, tabbata sun gan ka. Karɓi takardar wurin wani direba tun kafin a kira ka. Wanda ya wanke allo yana yaro, wannan ba za ta gagare shi ba, in dai ya fara da wuri.

Daga nan sai gwajin aiki, kwana 30 na aiki a yawancin yankuna, wasu sun fi haka. A cikin kwanakin nan ko madubi ka goga a jikin reshe ka faɗa da bakinka, ɓoyewa ta fi haɗarin muni. Kada ka makara, kada ka yi gardama a kan hanya, bi yadda aka koya maka ko da kana ganin ka san gajeriya. Kwali yana iya kai kilo 68. Abin da ya wuce kilo 32 kana da damar neman taimako. In gwajin ya faɗo cikin azumi da zafin bazara, yi shawara da malaminka da likitanka tun kafin ranar, don bayan motar nan tanda ce. Yarjejeniyar 2023 ta tanadi na'urar sanyaya iska ne a motocin da aka saya daga 1 ga Janairu, 2024, sabon direba kuma ba shi ake ba sabuwar mota ba.

In ba ka ci ba, za ka koma aikinka na lodi da daɗewarka, ka jira wa'adin da yarjejeniyar yankinku ta sa, ka sake nema.

Mataki na bakwai: shekarar sauyi

Shekarar da ka koma tuƙi ta rabu biyu, kowane asusu da rabonsa. Awannin lodi daga Janairu zuwa ranar sauyi suna asusun farko, a kan matakalar nan ta 375 da 501 da 750. Na tuƙi suna asusu na biyu. A asusun haɗin gwiwa na tsakiya da kudu, cikakkiyar shekara awa 1,801 ce, ana kuma ba da wata guda a kan kowace awa 150.

Wani zai ce bari in jinkirta in cika 750 tukuna. Kada ka soma. Wata huɗu da ɗoriya na tuƙi sun biya shekarar lodi gaba ɗaya, ga kuma ranar daɗewarka ta cikakken ma'aikaci, wadda daga ranar sauyi take farawa, ita ce za ta yanke wace unguwa za ka riƙa kai kaya da wane mako za ka samu hutu har ƙarshen aikinka. Wanda ya riga ka da kwana ɗaya ya riga ka har ritaya.

Wata uku bayan sauyi, rubuta wa asusun biyu. Na farko ya tabbatar maka da jimillar shekarunka na lodi da abin da suka tara. Na biyu ya tabbatar da ranar da ka shiga. Sannan ka yi musu tambayar da ta fi kowace nauyi: in na haɗa shekarun lodi da na tuƙi, za su ba ni damar ritayar shekara 25 ko 30, kuma yaya za a lissafa kuɗin? Sashe na 34 ya tanadi yarjejeniyar mutunta shekarun juna tsakanin asusun kamfani da na ƙungiya, amma yadda ake aiki da ita ya danganta da asusunka. Abin da aka fi gani shi ne biya biyu a wata, ƙarami daga shekarun lodi, babba daga na tuƙi, kuma ba lalle su fara a shekara ɗaya ba. Karɓar na lodi kafin shekara 65 yana iya zuwa da ragi.

In kana cikin masu tuƙin cike gurbi, wato mai lodi da ake kira ya tuƙa ran da direba ba ya nan, tambayi wane asusu awannin nan ke shiga. Hawa mota da kaki ba shi ke nuna ka shiga asusun direbobi ba.

Mataki na takwas: iyali, suna da komawa gida

Ban da fanshon kamfani akwai na gwamnati, Social Security, shi ma da makinsa. Ana bukatar maki 40, ba a samun fiye da huɗu a shekara, wato aƙalla shekara goma na aiki. A 2025 kowane maki dala 1,810 ne na albashi, don haka mai lodi yana cika huɗunsa ba wuya. Amma adadin kuɗin daga shekaru 35 mafi yawan albashi ake fitar da shi, a nan ma tuƙi ke ɗaga mutum. Yi rajista a shafin intanet na hukumar Social Security ka duba ko duk shekarunka sun fito.

Duba sunanka da ranar haihuwarka a ko'ina: fasfo, katin Social Security, takardun kamfani, na asusun fansho. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamane a takardar Nijar. Ko ranar haihuwa 1 ga Janairu a wata takarda, wata rana dabam a wata. Gyara yanzu da ƙarfinka, don ran neman fansho sai sun ga shaidar haihuwa da ta dace da abin da ke hannunsu.

Ga mai aure, doka ta sa fansho ya zo da rabon matar da aka bari ko mijin, mafi ƙaranci rabin abin da ake biya, kuma ba a cire wannan sai da sa hannunta gaban shaidar da doka ta yarda da shi. Asusu mace ɗaya ya sani, wadda ke da takardar aure da hukuma ta amince da ita. In a masallaci kawai aka ɗaura, a nemi takardar hukuma. In a gida aka ɗaura, a ajiye ta asali da fassararta ta Turanci.

Mai niyyar cin fanshonsa a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya san abu biyu. Amurka ba ta da yarjejeniyar haraji da Najeriya ko Nijar ko Ghana, don haka wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ya daina zama mazaunin Amurka ana iya yanke masa kashi 30 cikin 100 na fanshon kamfani tun daga tushe. Social Security kuma tana iya tsayar da biyan wanda ba ɗan ƙasa ba in ya wuce wata shida a waje, sai in ƙasarsa tana cikin waɗanda aka keɓe. Wanda ya cancanci zama ɗan ƙasa, ya gama wannan kafin ya ɗaure kaya. Duk sanda ka sauya gida kuma, ko daga Bronx zuwa Yonkers ne, ka aika wa asusun biyu sabon adireshi, musamman na shekarun lodi, wanda zai yi shekara ashirin ko fiye bai ji ɗuriyarka ba.